Mai Digiri a Tudun Lodin Shanu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya hore mana dabbar da ta fi mu ƙarfi har muke jan ta da igiya. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Sunana Usman, amma a kara, wato kasuwar shanu ta Dutsin-Ma, ba wanda zai gane ni sai an ce Baba Mani mai jeri. Shekara arba'in da ɗoriya ina loda shanu a mota. Duk ranar kasuwa samari sukan taru a gefen tudun lodi, wato tudun ƙasar da mota ke jingina bayanta da shi don shanu su taka su shiga. Ina jin abin da suke faɗi. Wai wannan ai ƙarfi ne da sanda kawai, a daki sa ya hau, a rufe ƙofa. A 'yan shekarun nan kuma wata tambaya ta ƙaru. Waɗanda suka gama jami'a suka dawo gida da takarda ba aiki sukan tare ni bayan La'asar su ce, "Baba, mutum da digirinsa ya shiga ƙungiyar masu lodi ya fara daga ɗibar yashi, anya akwai riba?" Ba ni da amsa guda da za ta ishi kowa. Abin da nake da shi labarin Lawal ne, shi kuwa ba za a gane shi ba sai an san aikin tukuna.

Aikina na farko yashi ne. Marigayi Malam Audu Dogo, wanda ya koya mini sana'ar nan, ya miƙo mini shebur da kwando, ya nuna mini rafi da haɓa. Ƙasan mota ƙarfe ne, in fitsari da kashi suka jiƙa shi kofato ba ya kamawa. Shi ya sa ake shimfiɗa yashi, a bi shi da ƙaiƙayin gero. Ni kuwa don in burge shi sai na ɗebo mai laushi, irin na yaɓen ɗaki, na baje shi sumul. Malam Audu ya hau motar, ya tsuguna, ya damƙi yashin ya murza, ya ce a kawo bokitin ruwa. Ya zuba, ya ce in taka da sauri. Na taka, sai ga ni a ƙasa. Ya ce, "Kai ƙafa biyu gare ka, ka faɗi ka tashi. Sa kuwa in ya faɗi, 'yan'uwansa na kansa har kudu. Kwashe." Na kwashe shi duka, na koma rafi na nemo mai tsakuwa. Tun daga ranar ban sake shimfiɗa yashi ban murza shi da hannuna ba.

Bayan yashi sai igiya. A zamaninmu ta rama muke tufkawa da kanmu. Yanzu ta leda ta cika kasuwa, tana da ƙarko, amma tana cin fata a gindin ƙaho, in kuma ta jiƙe ƙullinta ba ya kwantuwa. Ƙullin lodi kuwa dole ya riƙe bijimi kwana biyu a hanya, ya kuma saki da fizga ɗaya. In sa ya durƙusa, kansa na ɗaure a ƙarfen mota, wuyansa ne zai ɗauki nauyinsa duka. Wanda ya tsaya lalube ƙulli a wannan lokaci, kafin ya gama an yi asara. Wata shida na yi ina ƙulla igiya a reshen darbejiya, Malam Audu na wucewa yana fizga. In ta saki da wuri ya ce sake, in ta ƙi saki ya ce sake.

Na tuna rakiyata ta farko zuwa kudu. Ɗan rakiya yana zaune ne a kan katakan da aka gicciya saman shanu, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, idonsa na kan tozon kowace dabba. Mun wuce babbar gada ke nan na ga tozo ɗaya ya nutse. Na buga wa direba jikin mota, na sauka tsakanin ƙafafu, na fizge ƙulli, na murɗa wutsiya. Saniyar ta yunƙura sau biyu ta kasa. Abokin rakiyata ya dubi idonta ya ce, "Mani, wuƙa." Muka juya ta yadda hali ya yi, na ambaci sunan Allah na yanka. Don haka kowane ɗan rakiya ke da wuƙa a ƙugu, kada dukiyar mutum ta zama mushe. Da muka dawo Malam Audu bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: wa ke gefenta? Na ce wani bijimi mai faɗa. Ya ce, "To ba hanya ta kashe ta ba, jeri ne."

Jeri shi ne ƙarshen sana'ar. Shanu a mota a gicciye suke tsayawa, wannan kansa ga bangon dama, na kusa da shi kansa ga bangon hagu. Mu saɓani muke ce masa. Ta haka ƙaho ba ya haɗuwa da ƙaho, faɗin kafaɗar wannan kuma ya shige ramin ƙugun wancan. Masu ƙarfi su ake sa wa gaba da bakin ƙofa, inda birki da gargada suka fi dukan kaya. Mai rauni a sa shi tsakanin masu sanyin hali. In an matse su da yawa numfashi ya gagara, in an bar fili su yi ta tangaɗi har ɗaya ya zube. Mai jeri yana tsaye a kan tudu, shanu na zuwa, kafin sa ya iso ya riga ya san inda zai tsaya.

Haka matakan suke a ƙungiyarmu: yashi, igiya, rakiya, jeri. Ba a tsallake ko ɗaya. Sabon shiga sai wani dattijo ya tsaya masa, ya yi kasuwa goma sha biyu ta gwaji. A ta ƙarshe a ba shi mota guda ya jera da kansa, ba don zai zama mai jeri nan da nan ba, sai don a ga ko idonsa ya buɗe. In shanun suka isa kudu a tsaye, a ba shi kati, a rubuta sunansa a allon layi, wanda da shi ake raba aiki bi da bi. In jerinsa ya kayar da dabba, ba shi ba kati, wanda ya tsaya masa kuma ba ya sake tsaya wa wani.

Masu raina katin nan ba su ga shekarar da aka rufe kasuwannin dabbobi ba, lokacin da tsaro ya lalace aka hana safarar shanu. Tudun lodi har ciyawa ta fito a kansa. Masu lodin da ba su da ƙungiya suka watse, wasu suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Mu kuwa akwai gero da dawa da muke tarawa duk kaka a shagon ƙungiya, tun ana yi mana dariya. Shi aka dinga aunawa gida gida. Ciyaman ɗinmu ya bi manoman Karofi ya samo mana aikin lodin buhunan wake, muka raba bisa layi, ba wanda ya yi sau biyu wani bai yi ba. Ba mu ƙoshi ba, amma ba gidan da ya kwana bai hura wuta ba. Alhamdu lillahi.

Bayan an buɗe kasuwa ne Lawal ya zo. Ɗan Malam Gide ne, wani Bafulatani na Makera da muka daɗe tare. Ya karanci lafiyar dabbobi a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya shekara uku yana kai takardu ofis ofis. Yana da mata da 'ya ɗaya, duk a kan mahaifinsa. Ya same ni a tudu da riga mai guga, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana so in tsaya masa.

Na ce, "Ka san daga inda ake farawa?"

Ya ce, "Na sani, Baba. Yashi."

"Da digirin naka?"

"Digirin yana cikin akwati, Baba, ba ya jin ƙura."

Na tsaya masa. Kwana biyu sai ga Malam Gide a zaurena. Lawal ɗan farinsa ne, saboda haka ba ya kama sunansa, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Muka gaisa.

Ya ce, "Mani, an ce ka tsaya wa yaron can."

"Na tsaya mishi."

"Shanun da na sayar don ya yi karatu, wa ya loda su?"

"Ni na loda su."

"To shi ne yanzu za ka ba shi shebur ya kwashe kashin 'yan'uwansu? Mi zan ce wa mutanen ruga?"

Na ce, "Malam Gide, shekara uku yana zaune. Mi kake ce musu yanzu?"

Ya jawo sandarsa. Da zai tashi ya ce ya yarda da kasuwa goma sha biyun nan. In ƙungiya ta ƙi shi, ya tattara ya koma Makera ya jira aikin gwamnati ko shekara nawa ne, kada kuma a sake yi masa zancen kara.

Ranar da Lawal ya fara, Tsalha ne ya karɓe shi. Tsalha mai igiya ne, ya kusa hamsin, bakinsa ba ya hutawa. Tun daga nesa ya ɗaga murya, "Jama'a a ba da hanya, ga Dakta! Dakta, a auna mana zafin yashin nan, ko yana da masassara." In sa ya yi fitsari sai ya ce, "Dakta, majinyaci ya ba da na gwaji, a kawo kwalba." Da ya ga Lawal ya tsaya gaban allon layi yana haɗa baƙi da wasali, don da ajami nake rubuta shi, sai ya ce, "Kai, shekara biyar a jami'a, allon Baba Mani ya gagare ka?" Lawal ya yi haƙuri har kasuwa ta uku. Ranar Tsalha ya tuɓe riga yana sosa ciki, Lawal ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kawu Tsalha, in na buɗe asibiti kai zan fara ba maganin tsutsa, kyauta." Aka yi ta dariya, Tsalha ya fi kowa. Daga nan suka shirya, amma sunan Dakta ya zauna.

A kasuwa ta bakwai wani falke, Alhaji Badamasi, ya kawo shanu. Fatake iri iri ne. Akwai wanda zai ce a ƙara biyu bayan mota ta cika, akwai wanda zai rantse saniya lafiyarta ƙalau alhali da ƙyar take tsaye. Alhaji Badamasi mutumin kirki ne, sai dai gaggawa. Lawal na ɗauke da kwandon ƙaiƙayi ya tsaya cik, ya ajiye, ya zo kusa da ni ya ce, "Baba, jan bijimin can kada ya hau. Dubi yadda ya ware ƙafafun gaba ya miƙe wuya. Ciwon huhu ne. In ya kwana biyu cikinsu zai raba musu." Na duba, na ga abin da ya gani, amma da bai faɗa ba da na ce gajiyar tafiya ce. Alhaji ya ji, ya taso. "Wanga mai kwandon ne zai gaya mini lafiyar sa? Tun ba a haife shi ba nake fatauci!" Da Lawal shi kaɗai ne, da an kore shi daga wurin da digirinsa. Amma Ciyaman ya zo ya saurara, ya ce, "Alhaji, ɗanmu ne. In ya ce kada ya hau, ba hannun da zai taɓa igiyarsa a tudun nan sai malamin dabbobi ya duba." Aka kira malamin dabbobi na kara, ya duba, ya sa aka ware bijimin.

A nan kuskurena ya samo asali, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Duk wanda na koya wa aiki, abu ɗaya sai na faɗa masa sau uku. Lawal kuwa in na buɗe baki sai in ji nauyi. Ɗan Fulani ne da aka haifa cikin garke, ga karatu, ya san sunan kowane ƙashi a jikin sa. Sai in fara magana in ce, "Ai ka ma sani," in wuce. Shi kuma kunya ta hana shi cewa bai sani ba. Na koya masa yashi da igiya da saɓani. Abu ɗaya na tsallake, don a wurina ko yaron goye ya san shi.

Kasuwa ta goma sha biyu ta faɗo bayan kaka, lokacin da manoma ke sayar da shanun huɗa da suka yi wa kiwo. Motar gwajin ta Alhaji Badamasi ce. Al'adarmu, ranar gwaji wanda ya tsaya wa mutum zai zauna a kan benci gindin darbejiya, ba ya magana, ba ya nuni, ko gyaran murya ba a so. In ya yi magana gwaji ya ɓaci. Sauran 'yan ƙungiya kuwa hannu ne kawai, abin da mai gwaji ya ce shi za su yi. Shi mai gwajin yana iya tambayar duk wanda ba ɗan ƙungiya ba. Muka yi sallar Azahar, na zauna da carbina, Ciyaman na gefena. Can nesa kaɗan na hangi Malam Gide, ya gicciya sanda a kafaɗa, yana yi kamar shanun wani yake kallo.

Lawal ya fara da kyau. Ya murza yashi, ya sa aka ƙara ƙaiƙayi, ya zaɓi manya huɗu ya kai gaba. Da aka kai tsakiyar mota sai aka koro wasu bijimai biyu, ja da fari, da huda a hanci, suna tafe kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya riga wani. Wani manomi daga Ɗantutture ne ya sayar da su da safe. Ina ganin tafiyarsu na gane su. Shanun karkiya ne, wato itacen da ake gicciya wa shanun noma biyu a wuya.

Bijiman da suka shekara huɗu ko biyar suna jan garma tare, kowanne yana da gefensa. Na dama ba ya yarda da hagu, na hagu ba ya yarda da dama. Su kaɗai ne ba a yi wa saɓani. Ana tsayar da su kai ɗaya, kowa a gefensa, kamar karkiya na wuyansu. In aka saɓa su, da mota ta motsa sai su ɗauka aiki ya tashi, kowanne ya nemi juyawa ya koma mazauninsa, ga ƙaho a ɗaure. Ko wuya ya karye, ko su kayar da na kusa. Ni ɗan manoma ne, da wannan na tashi. Na manta cewa mutanen Lawal ba su taɓa ɗora wa sa karkiya ba. A rugarsu wulaƙanci ne a sa saniya noma.

Lawal ya yi abin da na koya masa. Ja kansa dama, fari kansa hagu. Tsalha ya ɗan yi jinkiri da igiya a hannu, ya saci kallona, sannan ya ɗaure. Bijiman suka tsaya shiru. Aka loda shida a bayansu. Ciyaman ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa, na san shi ma ya gani. Na ja carbi, na ƙulla niyya: in aka kama ƙofa za a rufe, zan yi magana. Katin Lawal zai tafi, nawa mutuncin ma haka, amma ba zan tsaya gaban Allah da haƙƙin dabbobin nan ba.

Sai direba ya tayar da inji, ya ɗan gyara tsayuwar mota, taku ɗaya kawai. Jan bijimin ya ja baya, ya karkata gindi, ya fara tura farin. Farin ya murɗa wuya yana neman juyowa. Wata karsana da ke bayansu ta durƙusa ta tashi.

Alhaji Badamasi ya ce, "Faɗa ne! A ba su sanda su natsu, a rufe, rana na yi."

Lawal ya ɗaga hannu ya ce a kashe inji. Ya hau katako, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sauka tsakaninsu. Ni a zaune ban san lokacin da na daina jan carbi ba. Ya duba idonsu da bakinsu, don shi a zatonsa ciwo ne. Bai ga komai ba. Sai ya bi jikinsu da tafin hannu a hankali, yadda aka koya musu a makaranta, daga ƙeya har wutsiya. A wuyan jan, gaban tozo, hannunsa ya tsaya. Ya koma kan farin ya taɓa wuri ɗaya. Ya sunkuya ya shafa cinyoyinsu na baya. Daga baya ya gaya mini abin da ya samu: kanta mai tauri a wuyan kowanne, sannan gashi ya goge a cinyar hagu ta jan da cinyar dama ta farin. Wani abu ya daɗe yana gugar su a tsakani. Sarƙar garma ce, amma shi a lokacin bai sani ba.

Ya fito ya tsaya a kan tudu ya ce da ƙarfi, "Ina wanda ya sayar da ja da farin nan?"

Manomi in ya sayar da shanun huɗarsa ba ya tafiya gida sai ya ga tashin motar. Mutumin na nan tsugune bayan shinge tun safe. Ya taso.

Lawal ya ce, "Baba, don Allah ban sani ba, ka gaya mini. Yaya suke tsayawa a wurinka?"

Dattijon ya ce, "Jatau na dama, Fari na hagu. Ko a turke haka suke kwana. Tun ɗazu nake son in faɗa, na ga ku ne masu aikin."

Lawal ya juyo ya ce, "Kawu Tsalha, a sauke shidan nan."

Alhaji Badamasi ya cire hula ya buga a cinya. "A sauke? Lodin da aka gama? Ciyaman, kana kallo ɗan boko zai kwanar mini da kaya!" Ciyaman ya ce, "Motarsa ce yau, Alhaji." Tsalha kuwa tuni ya fizge ƙullin farko, yana cewa, "Dakta ya rubuta a canja gado, a canja gado!"

Sauke sa daga mota ya fi loda shi wuya, don da baya yake fitowa. Sai da aka kai La'asar ana yi. Aka juyo da farin, aka tsayar da shi hagun jan, kawunansu bango ɗaya. Jan ya sunkuya ya shinshini wuyan ɗan'uwansa, suka tsaya kamar an dasa su. Lawal ya sake lissafin saɓanin daga nan, ya mayar da karsanar tsakanin wasu shanu biyu masu sanyi, ya cike motar. Direba ya tayar, ya ja gaba, ya taka birki da gangan. Ba tozon da ya motsa daga wurinsa. Aka rufe ƙofa. Manomin ya bi motar da ido har ta hau kwalta, sannan ya kama hanyar Kurfi. Na nemi Malam Gide ban gan shi ba.

Da na samu bakin magana na kira Lawal gefe na ce, "Laifina ne. Ban koya maka ba."

Ya ce, "Ni ma ban tambaya ba, Baba. Duk ranar da ka ce ai na sani, sai in ji kunyar cewa a'a."

Na ce daga yau an daina, ni da shi.

Hukunci ba ya fita sai mota ta isa. Kwana biyu muka jira. A rana ta uku da hantsi ina alwalar walaha a ƙofar shagon ƙungiya, wayar Ciyaman ta yi ƙara. Ɗan rakiya ne. Ciyaman ya saurara, ya ce, "Duka?" Ya sake saurarawa, ya kashe. Ya dube ni ya ce, "Mani, ɗauko alli." Duk sun sauka da ƙafafunsu. Na rubuta sunan Lawal a ƙasan allo, can ƙarƙashin na kowa, na koma na sake alwalar, don na manta inda na tsaya.

Yanzu shekararsa ta uku. Ya wuce yashi, yana igiya, kuma ba a ɗaga masa ko mataki ɗaya ba saboda takarda. Amma ƙungiya ta sa doka, ba a loda mota sai ya zaga shanun ya duba. Makiyaya sun gane shi, ranar da ba kasuwa yana kan babur tsakanin Karofi da Makera da jakar magani. Har yanzu yana kai takardunsa in an ce ana ɗaukar aiki, ban kuma hana shi ba. In ya samu ya tafi, zai tafi da abin da bai zo da shi ba. Ga mai tambayata ko akwai riba, abin da zan ce ke nan: in za ka iya tsayawa a kan tudu, gaban falke da 'yan kallo, ka ce wa tsohon manomi ban sani ba, gaya mini, to zo, akwai shebur. In ba za ka iya ba, kada ka wahalar da wanda zai tsaya maka.

Malam Gide kuwa bai ce komai ba a kan katin, ba a zaurena ba, ba a gidansa ba. Sai kasuwa ta biyu bayan an ba Lawal katin na gan shi ya zo tudu, ya tsaya kusa da wasu shanun huɗa da aka ɗaure suna jiran mota. Mutumin da ya yi shekara sittin cikin shanu, ya miƙa hannu yana shafa wuyan ɗaya, ya koma cinya, ya dawo wuya. Lawal na can bakin mota da shebur a kafaɗa, taku goma tsakaninsu. Malam Gide bai dubi wajen ba. Ni ya kira.

"Mani."

"Na'am, Malam Gide."

"Ce wa Daktan naku in ya gama, ya zo ya nuna mini yadda ake gane na dama."